Kwantiragin Taubashina

Mu da muka fara buga zari-ruga a ƙauyenmu ragowar 'yan ƙwallon ƙafa ne. Ƙungiyar gari tana da masu gudu da masu yanka, ba ta da bukatar irinmu, masu ƙiba da masu nauyin ƙafa da waɗanda in sun doki ƙwallo sai an shiga gonar wani an nemo ta. Kullum da la'asar muna bakin fili muna ba da shawarar da ba wanda ya tambaye mu. A nan wani malamin motsa jiki da aka turo makarantar sakandaren da ke kusa da mu ya same mu. A Zariya ya yi karatu, can ya koyo wasan. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen shanun huɗa a kara, ya ce gobe mu same shi, akwai wasan da aka ƙirƙira dominmu.

Washegari ya zo da wata ƙwallo mai siffar gwanda. Ya ce a hannu ake ɗaukarta a ruga da ita, duk wanda ke ɗaya ɓangaren yana da izinin ya kama ka ya kayar, kuma in za ka ba ɗan'uwanka sai dai ka jefa masa ta baya, ba a jefawa gaba. Wanda ya kai ta bayan layin abokan karawa ya dangwala ta a ƙasa, shi ya ci. Dattawan da ke zaune a gindin dalbejiya suka kalle mu kwana biyu, suka yanke hukuncin cewa kokawa ce aka saka mata ƙwallo don kada a zo rabo.

'Yan ƙwallon ƙafa suka hana mu filinsu, suka ce muna tone musu ƙasa. Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ya ba mu aron gonarsa ta bayan gari bayan an kwashe amfani, da sharaɗin mu tuge tushiyar dawa da kanmu, mu tsince ƙarangiya, kuma ranar da aka yi ruwan shuka mu tattara mu ba shi wurinsa. Muka yi ta godiya. Sai da muka shekara biyu muna yi sannan muka lura cewa a duk ƙauyen gonar Kawu ce kaɗai ake sharewa tas tun kaka ba tare da ya ɗauki ko magirbi ba. Muka kafa dogayen itatuwan turare biyu a kowane gefe, muka gicciya musu ɗaya, fili ya tashi.

Matsalarmu ta gaba riguna ce. Wasan nan ba ya barin riga da rai. Iyayenmu mata suka gaji da ɗinki, wata ma ta ce in ɗanta ya sake dawowa da hannun riga ɗaya, ya koma ya nemo ɗayan inda ya bar shi. Akwai wani Alhaji mai fawa a garinmu, yana sayen shanu a Ɗambatta yana kai nama Kano. Wata rana ya tsaya da motarsa ya kalle mu, ya yi dariya har hularsa ta karkace, bayan mako guda ya aiko da ƙunshin riguna masu kauri daga gwanjo. Duk koraye ne, sai dai lamba tara ta fito sau uku, lamba ɗaya kuwa babu. Daga nan ya ɗauki al'adar aiko mana da romon kai duk ranar da muka kara da baƙi, ko mun ci ko an cinye mu.

Ni aka naɗa kyaftin. Ba don na fi kowa iyawa ba, a gaskiya in aka jera mu tsere ina cikin masu rufe baya. Malam ya ce a wasan nan kyaftin ne kaɗai ke da izinin yin magana da alƙalin wasa, ni kuma na gama kwalejin horon malamai ina koyarwa a firamare, ina iya yin ƙorafi da Turanci cikin ladabi. Na karɓi muƙamin da muhimmanci fiye da yadda ya cancanta. Har littafi na saya ina rubuta sunan wanda ya makara.

Mutum ɗaya ne bai taɓa ɗaukar muƙamina a bakin komai ba, wato ɗan Kawu, taubashina. Shi ɗan namiji ne, ni ɗan mace, don haka a wasan taubasai ni bawansa ne, kuma tun muna yara bai taɓa kirana da wani suna ba sai wannan. Ko a tsakiyar fili in na daka masa tsawa ya koma wurinsa, sai ya ce, “Na ji, bawa,” ya ci gaba da tsayuwa inda yake. A wurin Alhaji yake aiki. Shi ke kama ƙahon sa in za a kayar, shi ke saɓa cinyar saniya a kafaɗa ya loda a mota. Karatu bai wuce firamare ba, magana ba ta dame shi ba, amma in ya rungumi ƙwallon nan ya sunkuyar da kai, mai hankali yakan tuna yana da iyali.

A shekara ta uku aka gayyace mu wata gasa a Kano, ta mutum bakwai-bakwai. Muka cika bas tun da safe, muka je muka ga fili mai ciyawa, har wasu daga cikinmu suka kwanta a kai don su ji yadda take. An cinye mu a wasan farko, muka ci biyu, aka fitar da mu a na huɗu. Amma a wasa na uku taubashina ya yi wani gudu da mutum uku rataye a jikinsa, bai tsaya ba sai da ya kai su bayan layi ya sauke su tare da ƙwallon. Da aka tashi, wani mutum mai hular hana-sallah da ɗan littafi a hannu ya zo ya nemi lambar wayarsa. Aka ce mana yana cikin masu horar da ƙungiyar ƙasa. Na matsa kusa da shi, na gyara tsayuwa yadda zai ga ƙyallen kyaftin a damtsena. Ya gani kuwa. Ya roƙe ni in ɗan matsa gefe zai ɗauki hoton taubashina.

Bayan wata guda aka kira shi gwaji Legas. Ya yi mako biyu ya dawo, muka tambaye shi yadda ta kaya, ya ce abincinsu ba ya riƙe ciki. Iyakar rahoton ke nan. Muka ɗauka magana ta mutu, sai ga wakilin hukumar wasan na jiharmu ya zo a kan babur da babban ambulan. A ciki akwai kwantiragin shekara guda, shafi shida, da wata takarda daban wadda ake kira takardar sallama. Ita wannan tana bukatar sunan ƙungiyar da ɗan wasan ya fito, da sa hannun mai ƙungiyar, da hatiminta. Wakilin ya ce zai dawo bayan kwana goma ya karɓa.

Sai a ranar muka gane ba mu da suna. In za mu fita wasa cewa ake yaran Malam, a kasuwa a ce yaran Alhaji, a cikin gari kuwa masu tumurmusa a gonar Kawu. Hatimi kuwa ko a mafarki. Na ɗauki takardar na fara da Malam, tun da shi ya kawo wasan. Ya ce shi ma'aikacin gwamnati ne, bai san abin da shugaban makaranta zai ce ba in aka ji yana da ƙungiya tasa ta kansa. Na je wurin Alhaji. Ya juya takardar sama da ƙasa, ya ce in yaron nan ya karya wuyan ɗan wani a Legas, mai ƙungiya 'yan sanda za su zo nema, shi kuwa riguna kawai ya bayar saboda Allah. Kawu ko taɓa ta bai yi ba. Ya ce ya san mutumin da ya dangwala yatsa a takarda ya wayi gari gonarsa ta zama ta wani, don haka in ɗauke ta daga kan tabarmarsa.

Kwana uku ina yawo da ƙungiyar da ba mai so. Na kira wakilin na gaya masa, ina tsaye a bakin rumfar mai shayi, kuma na yi kuskuren buɗe muryar wayar saboda ƙarar injin niƙa. Ya ce abin mamaki ne, domin duk ƙungiyar da ta yi rajista, shugabanta yana samun gayyata zuwa babban taron shekara na ƙasa, inda ake zaɓen shugabannin wasan. A sauke shi a otal, a rataya masa kati mai sunansa a wuya, ya jefa ƙuri'a, a ɗauki hoto. Mutum biyar ne a rumfar. Kafin sallar magariba labarin ya kai ƙarshen gari, har ya ƙaru da jirgin sama.

Washegari da safe Alhaji ya aiko a kira ni. Ya ce ya kwana yana tunani, bai kamata tsoro ya sa a tauye yaro ba, in kawo takardar. Ina fitowa na haɗu da Malam, ya ce ya bincika, ashe babu dokar da ta hana malami mallakar ƙungiya. Da na isa gida na tarar Kawu ya zo da kansa, abin da bai saba ba, yana zaune da mahaifiyata yana gaya mata cewa duk abin da ya tsiro a gonar mutum nasa ne.

Aka sa ranar Juma'a bayan la'asar a zauna a ƙofar gidan Kawu. Aka shimfiɗa tabarmi, dattawan uku a gaba, mu 'yan wasa a baya, Inna matar Kawu tana daga cikin zaure inda take jin komai ba a ganinta. Aka ce kafin a shiga maganar mai ƙungiya, in karanta kwantiragin in fassara, kowa ya ji abin da za a sa wa hannu.

Na miƙe na fara. Takardar ta ce za a riƙa ba shi albashi da wurin kwana da abinci da magani in ya ji rauni. Aka yi hamdala. Ta ce duk lokacin da aka kira shi sansani dole ya amsa. Ta ce ba zai buga wa wata ƙungiya wasa ba sai da izini a rubuce, ba zai yi dambe ko kokawa ba, ba zai tuƙa babur ba, ba zai yi wani aiki mai haɗari ba. Alhaji ya tambaya ko kama ƙahon sa yana cikin aiki mai haɗari. Malam ya ce a ganinsa haɗarin a wurin san yake. Da na zo inda aka ce hukumar tana da ikon amfani da hotonsa a talla, Inna ta yi gyaran murya daga zaure, ta ce a gaya musu kada su sa wanda bakinsa yake buɗe. Aka zo maganar nauyi, cewa za a riƙa auna shi kada ya wuce yadda likita ya tsara. Inna ta ce ita ba ta taɓa jin inda aka ɗauki mutum aiki saboda ƙarfinsa sannan aka sa masa ido a kwano ba.

A nan shaiɗan ya raɗa mini wani abu. Na juya shafi na biyar, na gyara murya, na karanta wani layin Turanci da ke magana a kan inshora, sannan na fassara shi da cewa wajibi ne ɗan wasa ya girmama kyaftin ɗinsa na gida, ya daina kiransa da duk wani sunan raini, ya kuma riƙa wanke masa takalman wasa har ranar da zai tafi. Malam ne kaɗai ya san abin da na yi. Na ga ya cusa usur ɗinsa a baki ya cije, yana kallon sama. Taubashina ya dube ni ya daɗe, ya tambaya ko da gaske haka aka rubuta. Na miƙa masa takardar na ce ya duba da kansa. Ya karɓa, ya kalli layin da na nuna, ya dawo mini da ita a hankali.

Kawu bai damu da wannan ba. Abin da ya tsaya masa shi ne maganar amsa kira a kowane lokaci. Ya ce to in aka yi ruwan shuka fa? Wa zai riƙe masa garma? Ya ce shi ba zai hana yaro arzikinsa ba, amma a rubuta a takardar cewa da shuka da girbi a sako masa ɗansa.

Daga nan aka faɗa maganar da ta tara mu. Malam ya fara, cikin natsuwa irin ta masu riƙe alli, ya ce kafin ya zo garin nan ba wanda ya taɓa jin sunan wasan, har yau ma ƙwallon da ake bugawa tasa ce. Alhaji ya ce ilimi abu ne mai kyau, amma mutanen Legas ba ilimi suka gani suka yaba ba, ƙarfi suka gani, a tambayi yaron naman wa ya gina wannan ƙirjin. Kawu ya bar su suka gama, sannan ya ce shi tambaya biyu gare shi: a ƙasar wa ake faɗuwa, kuma wa ya haifi yaron? Aka sake zagayowa, kowa ya maimaita tasa da ƙarin gishiri. Alhaji ya tuno da romo, Malam ya tuno da ranar da ya ɗaure wa wani targaɗe da rawanin wani, Kawu ya tuno da itatuwan turaren da aka sara a bakin gonarsa.

Taubashina yana zaune yana zane a ƙasa da tsinke. Can sai ya ɗago ya ce, “In an gama cinikin, a nuna mini wanda zai riƙe igiyata, in san wanda zan bi.”

Aka fashe da dariya, har Inna a zaure. Amma dattawan sun ji kunya kaɗan, kuma a cikin wannan sararin na ce bari in kira ofishin hukumar mu ji ta bakinsu. A ƙasan takardar akwai lamba. Wata mata ta ɗauka, ita ce mai kula da rajistar ƙungiyoyi, kuma Allah ya taimake mu tana jin Hausa, ta ce a Jos ta girma. Na bayyana mata halin da muke ciki, muna da masu ƙungiya uku, kwana biyu da suka wuce kuwa ba mu da ko ɗaya. Ta yi dariya ta ce ba mu ne farko ba. Ta ce ba dole sai mutum ɗaya ya mallaki ƙungiya ba. Mu rubuta cewa ta 'ya'yanta ce, mu yi ɗan tsarin mulki ko shafi ɗaya ne, mu zaɓi shugaba da sakatare, shugaban ya sa hannu.

Kawu ya karɓi wayar ya kawo mata maganar shuka, yana ɗaga murya kamar Legas ɗin yake son ta ji shi ba ta waya ba. Ta tambaye shi ranar da ake ruwan shuka don ta rubuta. Ya ce wannan sai ta tambayi Mai ruwan. A ƙarshe ta yarda za a haɗa da wata 'yar wasiƙa cewa in babu wasa a gaba, za a ba shi hutu lokacin shuka da lokacin girbi. Kawu ya ce yarinyar nan 'yar mutunci ce.

Da na kashe wayar na dubi fuskokin dattawan, na ga ba wanda ya ji daɗi a cikinsu, kuma rashin jin daɗin ya zo daidai wa daida. Na ce a raina an yi adalci.

Zaɓen shugaba ya zo da tasa rigimar. Malam ya kawo shawarar a yi layi a bayan wanda ake so. Ba wanda ya motsa. Kowannenmu ko dai ɗan'uwan Kawu ne, ko yana shan romon Alhaji, ko yana tsoron Malam ya sa shi zagaye fili sau goma. Sai aka koma ƙuri'ar ɓoye. Aka ba kowane ɗan wasa ƙwaya uku: gyaɗa ta Kawu, masara ta Alhaji, wake na Malam. Mutum ya shiga zaure shi kaɗai, ya jefa wadda yake so a ƙwaryar da Inna ta rufe da faifai. Kuskuren da muka yi shi ne raba ƙwayoyin kafin 'yan takara su yi jawabi. Alhaji ya yi dogon bayani, Malam ya fi shi tsawo, mutane suna zaune da gyaɗa a hannu tun azahar ba su ci komai ba. Da aka zo jefawa, fiye da rabinmu sun cinye Kawu.

Alhaji ya lashe, Malam ya zo na biyu. Kawu ya leƙa ƙwaryar ya ga gyaɗa biyu, ya ce an yi masa maguɗi a cikin zaurensa, ya nemi a sake. Sai da mahaifiyata ta sa baki. Ta kira ni gefe ta ce in nemo wa yayanta wani muƙami ko da na ƙirƙira ne. Na rubuta a tsarin mulkin cewa Kawu shi ne uban ƙungiya har iyakar rayuwarsa, ba zaɓe ba sauyi. Ya tambaye ni tsakanin uban ƙungiya da shugaba wa ke gaba. Na ce, “Kawu, akwai wanda ke gaban uba?” Ya gyara zama ya ce a ci gaba. Malam ya zama mai horarwa kuma sakatare. Sunan ƙauyenmu muka sa wa ƙungiyar, bayan an ƙi shawarar Alhaji ta a sa mata sunan rumfarsa. Ranar kasuwa na je Ɗambatta aka sassaƙa mana hatimi na roba. Mai sassaƙar bai taɓa ganin ƙwallonmu ba, na kwatanta masa, ya zana abin da ya fi kama da ƙwan zabo.

Duk kwanakin nan taubashina yana cika sharaɗin shafi na biyar. Da sassafe zai zo ya ɗauki takalmana ya wanke ya jingine su a rana. In ya gan ni sai ya ce, “Barka da asuba, Kyaftin,” yana faɗa kamar mai haɗiyar maɗaci. Na ji daɗin kwana shidan nan fiye da yadda zan iya faɗa. Asirina ya tonu ranar sa hannu. Wakili ya dawo, Alhaji ya sa hannu ya buga hatimi har sau biyu don na farkon bai fito ba, aka miƙa wa taubashina biro. Kafin ya rubuta sunansa ya ce yana da tambaya: maganar wankin takalmin kyaftin, in ya dawo hutu ma tana nan? Wakilin ya ce wane takalmi? Malam ya tashi ya bar wurin yana riƙe da ciki.

Taubashina ya sa hannu, aka yi addu'a, aka watse. Da yamma a wurin atisaye ya roƙi Malam ya sa shi a ɓangaren da ba nawa ba. Ƙwallo ta farko da ta zo hannuna, ban san ta inda ya fito ba. Na dai ga sama, na ga ƙasa, na sake ganin sama. Ya tsaya a kaina ya miƙo hannu ya ce, “Tashi, bawa.” Mako guda ina sallah a zaune.

Ni na kai shi tashar Ɗambatta a babur, shi a baya tun da takarda ta hana shi tuƙi. A hanya ina son in ce masa na yi murna, kuma na yi, amma akwai wani abu a ƙirjina da ya tsaya tun ranar da aka ce in matsa gefe za a ɗauki hoto. Ni na karanta dokokin wasan nan daga farko har ƙarshe, shi ko shafi ɗaya bai karanta ba, ga shi shi ke tafiya. Da muka isa, ya sauka ya tsaya yana wasa da igiyar jakarsa. Ya ce a gwajin da ya je, rabin abin da mai horarwa ke faɗa bai gane ba, sai dai ya kalli abin da na kusa da shi ya yi ya kwaikwaya, kuma yana tsoron ranar da za a gane. Ban taɓa jin ya ce yana tsoron wani abu ba. Na zauna a kan bencin mai rake, na yage shafuka daga littafin masu makara, na rubuta masa duk kalmomin wasan da na sani da ma'anarsu da Hausa, yadda zai iya karantawa. Ya ninke ya sa a aljihun gaba. Ya ce in riƙa leƙa Baba, mota ta tashi. Abin da ya tsaya mini a ƙirji ban sake jinsa ba.

An sako shi lokacin shuka kamar yadda aka yi alkawari, ya yi kwana tara ya koma. Da kaka Alhaji ya tafi babban taro da sabuwar babbar riga. A mota ya je, jirgin bai tabbata ba. Ya dawo da kati a wuya, bai cire shi ba sai da ya zaga gari. Muka taru mu ji labari, ya ce abin da ya tarar can bai bambanta da ƙofar gidan Kawu ba, sai dai su suna da na'urar sanyaya ɗaki. Masu ba da tallafi suna cewa su ne wasan, waɗanda suka fara shi tun da daɗewa suna cewa su ne, wakilan jihohi suna cewa ai 'yan wasan daga wurinsu suke fitowa. Ya ce ya ɗaga hannu ya ba su labarin yadda muka warware tamu, ya ja kunnensu cewa in za su gwada kada su yi da gyaɗa. Bai tabbata mai fassara ya isar da saƙon daidai ba, amma an tafa masa.

Taubashina ya yi shekara biyu a can. An sabunta masa kwantiragi sau ɗaya, daga baya gwiwa ta dame shi, ya dawo gida. Yanzu shi ke taya Malam horarwa, kuma ya koma wurin Alhaji, sai dai ya zama mai sa wasu su kama ƙahon. Sau ɗaya muka taɓa ganinsa yana buga wa ƙasa wasa. Da rana ne, a wayar Malam, mun cika zauren Kawu har ba wurin sa ƙafa, an jingina wayar a jikin buta. Yana zaune a bencin 'yan canji har wasa ya kusa ƙarewa, hoton yana tsayawa yana tafiya. Saura 'yan mintuna aka sako shi. Ya kayar da mutum biyu, ya taɓa ƙwallo sau ɗaya, aka busa tashi. Muka yi ta murna kamar shi ya ci kofin. Aka kai wa Inna wayar cikin gida, aka mayar mata da wurin da ya fito ta kalla sau uku. Ta miƙo wa Malam abarsa, ta ce yaron ya rame, in mun yi waya da shi mu tambaye shi ko akwai mai zuwa Legas ta aika masa da ƙuli-ƙuli da yaji.